Waƙar Merv da Allon Likitan Ido

Mijina Clarrie Tonkin ya fi son lasisin tuƙinsa a kaina. Ba ƙorafi nake yi ba, gaskiya ce kawai. Ni a wurin rawa ya same ni, bai sha wata wahala ba, lasisi kuwa sai da ya faɗi jarrabawa ya sake. Kuma a garinmu Yandaroo, inda babu bas, babu jirgin ƙasa sai na ɗaukar alkama, namijin da aka karɓe wa lasisi ya gama yawo. Sai dai a ajiye masa kujera a baranda ya riƙa ɗaga wa masu wucewa hannu.

Idonsa na hagu ya riga ya tafi tun shekarun baya. Ciwon nan ne na tsufa da ke cin tsakiyar gani ya bar wa mutum gefe-gefe, ka kalli fuska ka ga hula da kunnuwa amma babu hanci. Na dama ne ya rage mana, shi ma ya fara hazo. Da shi yake karanta farashin ulu a jarida, da shi yake gane jikokinsa, kuma shi nake tsoron ya tafi.

Ana cikin haka sai ga Dakta Merriwether daga Adelaide. Yaro ne dogo mai fara'a, ya sanyo takalmin gona da bai taɓa ganin taɓo ba, da malfa sabuwa dal, wai don ya yi kama da mu. Ya tara tsofaffi a ɗakin taron gari ya ce ya zo da sabon maganin ɗigawa, yana so ya gwada ko zai tsayar da ciwon. Gwajin farko ne, kowa za a ba shi. Abin da ake so kawai, duk bayan 'yan watanni mutum ya je asibitin Port Ellery ya karanta allon haruffa, a ƙirga layi nawa ya iya. Hoton cikin ido kuwa tsada gare shi, sai a farko da ƙarshe. Mutum arba'in suka ba da suna, daga garinmu da gonakin kewaye. Ko rabon kek kyauta bai taɓa tara tsofaffi haka ba.

Port Ellery ba nan kusa ba ce. In ka tashi bayan karin kumallo, sai rana ta take ka isa.

Zuwa na biyu aka yi abin da ya firgita maza. Len Nitschke, mutumin kirki marar wayo, ya zauna gaban allo ya faɗi gaskiya: layin sama kaɗai yake gani. Likita ya yi masa jaje, sannan ya sanar da ofishin lasisi kamar yadda aikinsa ya ce. Kafin wata ya ƙare Len na baranda.

Akwai wata rumfar kwano a bayan rumbun alkama inda tsofaffin mazanmu ke taruwa, wai suna gyaran injin yankan ciyawa. Injin guda ne, kuma tun ina da baƙin gashi suke gyaransa. Nan Merv Schubert ya tara su. Merv shi ne mai kiran gwanjo a kasuwar tumaki har ya yi ritaya, mutum ne da zai kira farashin garke goma ba tare da ya haɗiye yawu ba, kuma bai taɓa manta kuɗin da wani ya taya ba. Idonsa ɗaya ne ke ciwo, ɗayan garau yake. Yana zaune a asibiti yana jira nas ta shirya, sai ya kwashe allon kaf a kansa, na idon dama da na hagu, tunda kullum su ɗin dai ake kunnawa.

Ya mayar da haruffan waƙar gwanjo. Na ji ta da kunnena ranar da na kai musu gasasshen burodi da cuku. Tsofaffi wajen ashirin, wasu da sanda, wasu da na'urar ji a kunne, suna buga ƙafa suna bin Merv: «N, C, K, Z, O! Wa zai ƙara? R, H, S, D, K! An ƙara a baya!»

Na ce, «Merv, wannan kuma wace sabuwar coci ce?»

Ya ce, «Valda, ajiye burodin ki yi gaba, nan makaranta ce.» Sai ya juya kan ɗalibansa. «Ku saurara, tsofaffin banza. Ban da haɗama! Wanda ya je ya karanto har ƙasa rana ɗaya, ya tona mana asiri. Gwanjo a hankali yake hawa. Wannan zuwan ka tsaya inda ka tsaya a zuwan baya. Zuwa na gaba ka ƙara harafi biyu. Ka ɗan yi inda-inda, ka matse ido, ka ce, ‹C ne ko O?› Likita na son ya ga mutum na fama.»

«In na manta fa?» in ji wani daga baya.

«In ka manta ka yi tari, ka koma farkon layi. Kai Clarrie, daina gyaɗa kai kana karatu, sai ka ce doki. Mai gani ba ya rausaya.»

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi. A lokacin abin dariya ne.

Wata dabarar kuma ta hanya ce. Yawancinsu ba sa ganin kwalta sosai, balle kangarun da ke tsallakawa. Don haka matansu ke tuƙi. Clarrie zai ja a-kori-kurarsa daga ƙofar gida, hannu ɗaya a taga, ya bi ta tsakiyar gari a hankali kowa ya gan shi. Da mun wuce rumbun alkama sai ya tsaya, mu yi musanyar kujera. In mun dawo, a daidai wurin nake taka birki, ya zagayo ya karɓi sitiyari ya shiga gari da kansa. Ranar asibiti sai ka ga motoci jere a gindin rumbun, tsofaffi na zagaye su, kowa na yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Wasunsu ma da gaske ba su gani ba.

Matan da ke cikin gwajin ba su da rumfa, ba su da Merv, yawanci kuma ba su da direba, don mazansu sun riga mu gidan gaskiya. Maƙwabciyata Beryl Quast ta je sau uku tana karatu lafiya lau. Sai idon ya rufta mata cikin 'yan makonni, ta cusa motarta cikin shingen makaranta, ɗanta ya zo daga birni ya ɗauke makullin. Na ce ta riƙa bin mu, ta ce a'a, ba za ta yi doguwar tafiya don a sanar da ita abin da ta riga ta sani ba. Haka suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda idonta ya lalace sai ta daina zuwa, ba wanda ya bi sawunta.

Lokacin Kirsimeti muka je wurin 'yarmu Kerrin a Adelaide. Ita ta lura ubanta ya miƙa wa jikansa namiji 'yartsanar da aka saya wa ƙanwarsa, yana kiransa da sunanta. Ba ta yi wata-wata ba ta ja shi wurin wata likitar ido. Aka ɗauki hoto. Likitar ta ce ciwon ya canja salo, ruwa da jini sun fara tsattsafowa a bayan idon dama. Wannan nau'in yana da magani, allura ce a cikin ido, amma sai an yi sauri. In aka bari ya zama tabo, shi ke nan.

A mota Kerrin ta ce, «Baba, ranar Litinin za a fara.»

«A fara me? Allura a ido? Ni ina cikin bincike, yarinya. In na karɓi wani magani cire ni za a yi.»

«To a cire ka mana!»

«A cire ni a ce saboda me? Saboda ba na gani? Washegari takarda ta tafi ofishin lasisi. Kina so ki ga ubanki a baranda kusa da Len?»

«Ina so ubana ya gane 'ya'yana.»

«Na gane su sarai. Askinsu ne iri ɗaya.»

Jikar tamu mace kuwa gashinta har gadon baya. Na buɗe baki, ya ce mu bari a ji sakamakon rabin zango tukuna, saura ƙiris likita ya zo ya faɗa. In maganin ba ya aiki, zai yarda da allurar. Ya rantse. Na karɓi rantsuwar don na tabbata babu yadda za a yi ruwan kwalba ya ci jarrabawa da waƙar gwanjo.

Ranar sakamako ɗakin taro ya cika. Mu mata muka yi kek da shayi, muka kuma ɗauko waɗanda suka daina zuwa asibiti, don ba a cin kek a garin nan a bar maƙwabci a gida. Aka jera su a kujerun baya kusa da tukunyar shayi, Beryl a tsakiya da baƙin tabarau da farar sanda.

Dakta Merriwether ya kunna majigi. Wani jan layi ya fito a bango yana hawa sama a hankali, harafi biyu biyu, daidai yadda Merv ya tsara. Likita ya ce a ciwon da aka san shi da gangara kawai, bai taɓa ganin irin wannan ba. Cikin mutum ashirin da shida da suka jure, kusan kowa ya tsaya cak ko ya ƙaru. Ya ce akwai ma wani abin mamaki da zai ja hankalin masana: maganin ya fi karɓar maza nesa ba kusa ba. Yana zargin wani sinadari ne a jinin namiji.

Sinadarin, wato Merv, yana zaune a layin gaba, ya harɗe ƙafa, yana shafa gashin baki.

Na ɗaga hannu. «Likita, arba'in muka fara. Ina sauran sha huɗun?»

«Tambaya mai kyau, Misis Tonkin. Waɗannan a lissafi muna kiransu waɗanda suka ɓace mana.»

«Suka ɓace? Ga su can suna cin kek.»

Aka yi 'yar dariya. Ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta yi magana a taro. «Ba mu watsar da su ba, ranki ya daɗe. Akwai ƙa'ida. Duk wanda ya daina zuwa, sai mu ɗauki karatunsa na ƙarshe mu ci gaba da rubuta masa shi, a kan cewa idonsa ya tsaya a nan.»

Beryl ta ajiye kofinta, ta laluba sai da ta sami gefen tebur. «Ɗan nan, ni ce Beryl Quast. Wato a wurinka har yanzu ina karanta layi shida?»

Ya duba kwamfutarsa. «Bakwai ma, Misis Quast.»

«Kai, madalla! Ashe ina gani, ba wanda ya gaya mini. Valda, gobe ki kira ɗana ya dawo mini da makullina.»

Wannan karon ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har da likitan, don ya zaci raha ce irin ta mutanen karkara. Raina ya ɓaci. Na ce, «Likita, ka taɓa canja allon nan kuwa? Ka taɓa tambayar abin da ake rerawa a rumfar bayan rumbu?»

Clarrie ya taka mini ƙafa. Merv ya juyo ya dube ni da lafiyayyen idonsa.

Likita ya ce allon na ƙa'ida ne, ba a canja ma'auni ana tsakiyar awo. Ya ce ya san akan sami mai ɗan cinta-cinta, amma lissafi na tace irin wannan, shi ya sa ake tara mutane da yawa. Sannan ya ce a tafa wa jaruman da suka jure. Aka tafa. Waɗanda suka ɓace ma suka tafa, da kek a hannu.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne wanda ya biyo baya. Tsofaffin nan da suka haddace allo da bakinsu, suka rera shi da muryarsu, sun fito daga ɗakin taro sun yarda maganin na aiki. Na ji Merv da kansa yana ce wa wani, «Ka ga layin nan kuwa? Ni dama na ji idon ya yi sauƙi.»

A gida na tare Clarrie a kicin. «Ranar Litinin sai Adelaide.»

«Ba ki ji sakamako ba ne? Kusan kowa!»

«Clarrie, waƙa ce! Kai ka rera ta. A banɗaki kake bitarta, ina jin ka.»

«Ni na rera, na yarda. Don kariya ne kawai. Amma mutum ashirin da shida fa? Duka ƙarya suke?»

«Duka a rumfa ɗaya kuka koya!»

«Ba ki ji ya ce lissafi na tacewa ba? Kwamfuta ce fa, Valda. Ta san wanda ya rera da wanda ya gani, ta cire ta bar tsantsa. Ke kin fi mai digiri ne? Maganin a hankali yake bi, nawa bai iso ba tukuna.»

«Ka rantse wa 'yarka.»

«Na ce in ba ya aiki. Yana aiki. A bango aka nuna.»

Na yi faɗa, na yi kuka, na daina yi masa magana har sai da na gaji. Kerrin ta yi ta waya. Na kira asibitin ma, aka ce likita na taro a ƙasar waje yana ba da labarinmu, za a isar masa. Clarrie dai safe da yamma yana ɗaga kai yana ɗiga ruwansa, rabi a ido rabi a kunci. Ya daina karanta jarida, wai duk ƙarya ce a ciki. Ya daina kallon wasan kurket, wai 'yan wasan yanzu ba su iya ba.

Aka girbe alkama, aka yi shuka, zuwan ƙarshe ya zo. Merv ya ba da umarni a rumfa cewa yau ake buga guduma, kowa ya kai iyakar abin da ya iya. Clarrie ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Nas ta shigar da mu ɗakin gwaji ta zaunar da shi a kujerar da ya saba. Na ga abin da ya canja tun daga ƙofa: akwatin allon ba ya nan. Fitilarsa ta mutu an kai gyara, sai ƙusoshi huɗu da wani farin murabba'i a bango inda fenti bai dushe ba. Nas ta ce, «Ka rufe idon hagu ka shirya, Mista Tonkin, bari in turo na ɗakin can.» Ta fita. Kunnen Clarrie dama rabin magana yake kamawa. Ya ji «rufe idon hagu», ya ji «shirya».

Daidai nan Dakta Merriwether ya turo ƙofa tare da wata mata mai jaka, daga masu ba da kuɗin bincike, yana ce mata ga gwarzon nasu.

Clarrie ya rufe ido da tafin hannu, ya miƙe wuya, ya fuskanci farin bango.

«N, C, K, Z, O.»

Na ce, «Clarrie.»

«Bari mana, Valda. R, H, S, D, K.» Ya ɗan matse ido. «Wannan C ne ko O? C ne. C, Z, R, H, S.»

Haka ya bi su layi bayan layi, yana inda-inda a inda aka koya masa, bai gyaɗa kai ko sau ɗaya ba. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya gangara har layin ƙasa, wanda ko matuƙin jirgin sama sai ya yi da gaske. Ya sauke hannu yana murmushi, ya juya wajen da ya ji motsin likita.

Ba wanda ya ce uffan. Sai ƙarar tayoyin allon da nas ke turowa a baranda. Na sha jin haushin mutumin nan a zamanmu, amma ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Aka ɗauki hoton ƙarshe. Ba sai an yi mini bayani ba, na ga farin tabo a tsakiya kamar an ɗiga kitse a faranti. Likita ya ce da an zo da wuri da allura ta yi amfani. Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Na ce, «To yanzu sai ka rushe lissafin naka.»

Ya ce abin ba haka yake ba. Mutum ɗaya aka kama ya saɓa ƙa'ida, don haka mutum ɗaya za a cire. Sauran ba shi da hujja a kansu, kuma duk sun karanta da kyau yau, wasu har ƙasa. Matar mai jaka ta gyaɗa kai, ta ce ai cire gurɓataccen awo shi ne daidai. Nan take Clarrie ya bi sahun su Beryl, jan layin kuma bai ko girgiza ba. Na ji an ce yanzu babban gwaji za a yi, da mutum ɗari-ɗari, kuma maza za a fi nema.

A hanyar dawowa da muka yi nisa sai ya ce, a hankali, «Valda, wane harafi na kuskure?»

«Ko ɗaya. Duka ka faɗa daidai.»

«To me ya sa suka yi shiru?»

Na gaya masa. Ya juya fuskarsa wajen taga.

Da muka iso rumbun alkama ƙafata ta taka birki da kanta. Motocin sauran na jere, tsofaffi na zagayawa suna karɓar sitiyari, Merv na tsaye yana yi wa kowa barka. Na bar injin na aiki, na jira Clarrie ya buɗe ƙofa kamar kullum. Ya laluba aljihun rigarsa ta coci, ya ciro 'yar kwalbar, ya juya ta a hannu, ya ajiye a cinyata.

«Wuce kawai,» ya ce. «Ki bi ta bayan gari.»